Daga Jekadafari Zuwa Bakin Tabki: Neman Giwan Ruwa A Ƙasar Gombe

Duk wanda ya tsaya a unguwar Jekadafari cikin birnin Gombe a tsakiyar watan Maris, ya dubi gabas ya dubi yamma, ba zai ga abin da zai tuna masa da kifi ba, in ban da tiren mai tallar soyayye ko kwalin banda a bakin titi. Gombe gari ne na tudu da yashi, kwarurukan da suka ratsa shi kuwa ba su ɗaukar ruwa sai an yi ruwan sama, da an ɗauke kuma sai su bushe. Amma duk da haka ruwan famfon da ake turo wa birnin daga Dadin Kowa yake zuwa, watau daga wani makeken tabki wanda ba shi da nisa, wanda kuma da yawa daga cikin masu shan ruwansa ba su taɓa zuwa sun gan shi da idonsu ba.

A cikin mazauna wannan unguwa da maƙwabtanta akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da samari masu sha'awar su yi amfani da hutun Asabar ko Lahadi wajen kamun kifi da fatsa, ba don sana'a ba, sai don shan iska da samun na miya. Burin kowane ɗayansu kuwa shi ne wata rana ya ja giwan ruwa. Tambayoyin da ke gabansu guda uku ne: ina ruwan yake, wane irin jirgi ne zai ɗauki mutumin da bai gaji su ba ya komo da shi gida lafiya, sa'an nan kuma ko giwan ruwan nan zai saura har 'ya'yansu su gan shi?

Kifin Da Ake Nema

Giwan ruwa shi ne mafi girma a cikin kifayen kogunanmu. Ana samunsa tun asali a kogin Nilu da Kwara da Binuwai da Tabkin Chadi, kuma masana sun tabbatar yana iya kai kusan mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200, ko da yake irin waɗannan ƙatta sun yi wuyar gani a yanzu. A tabkin Nasser na ƙasar Masar an kama wani da fatsa a shekarar 2000 wanda ya kai kilo 104. A bikin kamun kifi na Argungu kuwa, wanda aka soma tun 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kifin da ya ci gasa a shekarar 2020 nauyinsa kilo 78 ne.

Halinsa na mafarauci ne. Yana ƙarami yakan zauna cikin ciyayin gefen ruwa yana cin ƙwari da ƙananan halittu, in ya tasa sai ya koma cin 'yan'uwansa kifaye, musamman karfasa da kawara. Ba ya son ruwa mai ɗoyi ko wanda iska ta yi ƙaranci a cikinsa, saboda haka ba a nemansa a kududdufi ko fadamar da ke ƙafewa da rani. Can gidan gaiwa ne da tarwaɗa. Wurinsa shi ne babban ruwa mai zurfi, inda akwai duwatsu ko kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ko gaɓar da ta gangara farat ɗaya. A nan yakan laɓe, in ƙaramin kifi ya gitta sai ya buɗe baki ya zuƙe shi gaba ɗaya. Idonsa kuma yana gani sosai cikin duhu-duhu, shi ya sa ya fi farauta da asuba da kuma gab da faɗuwar rana.

A ƙasar Amurka akwai wani kifi da suke kira bas, wanda ba dangin giwan ruwa na kusa ba ne, amma halinsu na kwanton ɓauna ɗaya ne. Mutanen can sun mai da kamunsa wasa babba, har da gasa da kyaututtuka, alhali kuwa mafi girman da aka tabbatar an kama da fatsa, a jihar Jojiya cikin 1932, bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, sai a 2009 aka sami kwatankwacinsa a tabkin Biwa na Japan. Watau abin da suke ta yi wa biki, a wurinmu matashin giwan ruwa ne. Ko da girgiza kurna ta fi magarya. Abin da suka fi mu shi ne tattalin kifin da kuma kula da lafiyar mai kamunsa.

Ina Ruwan Yake?

Uwar ruwayen ƙasar Gombe ita ce kogin Gongola. Ya taso ne daga gabashin tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya bi ta Gombe Abba, tsohuwar hedkwatar da Buba Yero ya kafa, ya nausa arewa maso gabas har Nafada, sa'an nan ya karyo kudu, ya karɓi kogin Hawal, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Ke nan ya yi wa birnin Gombe zobe ta arewa da gabas ba tare da ya taɓa shi ba. Duk mai neman babban kifi daga Jekadafari, wannan kogi da madatsun da aka yi a kansa ko a kan rassansa su ne abin dubawarsa.

Na farko kuma mafi kusa shi ne tabkin Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe. Ana bin hanyar Biu ne, a wuce Kwadon, kafin a kai garin Dadin Kowa, madatsar kuma tana 'yan kilomitoci arewa da garin, kusa da Dutsen Bima. Wanda ba shi da abin hawa zai sami mota a tasha cikin Gombe. Gwamnatin Tarayya ce ta gina madatsar cikin shekarun 1980, tana kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama. Faɗin ruwan in ya cika ya kai wajen murabba'in kilomita 300, har ya taɓa ƙasar Borno da ta Yobe, kuma bayan shekaru masu yawa na jira an kafa masa injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40. Garuruwa irin su Hinna da Difa da Gwani da Malleri da Kupto duk suna kewayen wannan ruwa, kuma akwai masunta da ke zaune a bakinsa shekara da shekaru.

Na biyu shi ne tabkin Balanga, can kudancin jihar a ƙasar Waja, wajen Talasse, wanda shi ma aka gina cikin shekarun 1980 musamman don noman rani. Bai kai ko kusa da Dadin Kowa girma ba, duwatsu kuma sun kewaye shi, saboda haka ya fi dacewa da ƙaramin jirgi da kuma mai koyo, ko da yake tafiyar ta fi nisa. A wannan yanki ne kuma madatsar Cham take, wadda ambaliya ta fasa a 1998, abin da ke nuna cewa ba duk ruwan da aka zana a tsohuwar taswira ne za a je a tarar da shi yadda aka zana ba.

Na uku shi ne tabkin Kiri a Jihar Adamawa, wanda aka datse a kan Gongola a 1982 domin shayar da gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah a Numan. Wannan tafiya ce ta kwana, ba ta je-ka-ka-dawo ba. Ban da waɗannan kuma akwai guraben ruwa masu zurfi da kan saura a cikin kogin kansa da rani, a wajejen Nafada da Bajoga, inda ba a bukatar jirgi, daga gaɓa ma ana iya jefa fatsa.

A zamanin nan wayar hannu ta sauƙaƙa bincike, domin hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin Google Maps suna nuna siffar tabki da lungunansa da hanyoyin da ke gangarawa bakin ruwa. Sai dai hoton ba ya faɗin watan da ruwa ke ja da baya ya bar taɓo, ba ya nuna inda aka shimfiɗa kalli, ba ya kuma nuna inda dorina ke kwana. Da ɗan gari akan ci gari. Mataki na farko ga baƙo shi ne ya je ba tare da ko ƙugiya ɗaya ba, ya zauna a mashigar da masunta ke sauke kifi da safe, ya ga abin da ke fitowa daga ruwan da girmansa. In ya ga ƙananan giwan ruwa a cikin kwanduna, to, iyayensu na nan. Daga nan sai ya nemi Sarkin Ruwa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ruwa Da Masu Shi

Wannan gaisuwa ba al'ada ce kawai ba. Su sana'a ce mai shugabanci da ƙa'idoji tun kafin zuwan Turawa, kuma Sarkawa da Kabawa da Jukunawa da sauran masu wannan gado, duk inda suka sauka sukan naɗa wanda zai raba musu wuri, ya sasanta rigima, ya kuma san wanda ya shiga ruwa da wanda bai fito ba. Mutumin da ya zo daga birni don nishaɗi, ya kamata ya tuna cewa abin da yake ɗauka wasa, shi ne tuwon gidan wani. Kalli ɗaya da farfelar inji ta yaga, ko mamari ɗaya da fatsarsa ta harɗe ya yanke, asarar kwanaki ce ga mai shi. Wanda ya shigo ta hannun Sarkin Ruwa za a nuna masa inda zai bi, a haɗa shi da matuƙi wanda ya san ruwan, ya biya shi ladansa. In wani abu ya faru kuma, akwai waɗanda za su fita nemansa.

Har ila yau akwai hukuma. Sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiha shi ne wurin tambayar izni da abin da doka ta tanada, ma'aikatan madatsa kuma su ke da iko da kewayen ginin. Kusa da bangon madatsa, da bakin inda injinan lantarki ke jan ruwa, da inda ake sakinsa, wurare ne da ba a kusanta da jirgi ko da kifi na tsalle a wurin, domin jan ruwan ya fi ƙarfin filafili, yakan kuma canja ba tare da sanarwa ba.

Wane Jirgi?

Kwale-kwalen katako da masunta ke amfani da shi siriri ne, mai saurin tafiya, mai kuma saurin juyewa. Wanda aka haifa a cikinsa yakan tsaya a kan bakinsa ya jefa birgi ko gezau, amma ma'aikacin ofis da ya miƙe tsaye don kifi ya ja shi, sai a tsamo shi. Wannan ne ya sa masu kamun nishaɗi a wasu ƙasashe suka fi son jirgi mai dandamali, watau faffaɗan daɓen katako da aka ɗora bisa dogayen ganguna biyu rufaffu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wani manomi a jihar Minesota ta Amurka mai suna Ambrose Weeres shi ya shahara da soma ƙera irinsa don sayarwa a farkon shekarun 1950, kuma da gangunan mai ya fara. Amfaninsa shi ne ba ya tangaɗi, mutum na iya tsayawa ko ya zauna a kujera, a kafa rumfa saboda rana, ga shi kuma ba ya nutsewa da zurfi, yana iya shiga lungunan da ruwa bai kai ƙugu ba.

Kafinta da mai walda a Gombe ba za su kasa haɗa irinsa da gangunan roba ba, sai dai akwai lissafin da ba a yi masa ganganci. Ganga mai cin lita 200, in an toshe ta sosai, nauyin da zai nutsar da ita gaba ɗaya wajen kilo 200 ne. Ƙa'idar masu hankali ita ce kada a ɗora mata fiye da rabin haka, domin rabinta ya kasance a saman ruwa. Ke nan ganguna 6, uku a kowane gefe, kada jimlar abin da suke ɗauke da shi ta wuce kilo 600, a ciki kuwa har da nauyin katakon da ƙarfen da injin da kaya. In an cire waɗannan, abin da ya rage bai wuce na mutum uku ba. Dalilin barin rabin nan shi ne, in mutanen suka taru a gefe ɗaya don kallon kifi, gangunan wannan gefen su ke ɗaukar kusan dukan nauyin. In ba su da sauran ƙarfi sai su nutse, dandamalin ya karkace ya zubar da kowa. Wajibi ne kuma a ɗaure kowace ganga da ƙarfe ko igiya mai ƙwari ta yadda ba za ta suɓuce ba, a kuma gwada jirgin da buhunan yashi a ruwa marar zurfi kafin ɗan'adam ya hau.

Amma jirgi mai dandamali yana da nasa aibin. Iska tana kama shi kamar faifai, ba ya yanka igiyar ruwa sai dai ta hau kansa, tuƙa shi da filafili kuma aiki ne mai wuya. A tabki mai faɗin Dadin Kowa, inda iska ke samun filin tara raƙuman ruwa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Saboda haka wurinsa shi ne lunguna da bakin gaɓa, ba tsakiyar tabki ba. Wanda kuwa ba shi da halin ƙera nasa, ko motar ɗaukarsa daga Jekadafari, hanya mafi sauƙi ita ce ya yi hayar babban kwale-kwale mai faɗin ciki tare da matuƙinsa, ya zauna a ƙasa, ya bar tsayuwa ga masu ita.

Lokaci Da Dabara

Da damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, Gongola kan kawo jan ruwa mai laka da itace, kifi ya watsu cikin ciyayin da ruwa ya malale, fatsa ba ta yin tasiri sosai. Daga Nuwamba ruwa kan soma kwantawa ya yi haske, to, daga nan har zuwa bazara shi ne lokacin mai fatsa, domin giwan ruwa da ido yake farauta. Sai dai a watannin Disamba da Janairu iskar hunturu takan taso da hantsi, ga hazo mai ɓatar da gaɓa, saboda haka a fita da sassafe a komo kafin ta yi ƙarfi. Mafi haɗari duka shi ne hadarin farkon damina, a Afrilu da Mayu, wanda kan taso daga gabas da guguwa cikin ɗan lokaci kaɗan. Da an ga gabas ta yi baƙi, ba a jiran a ga abin da zai biyo baya.

Wajen gano maɓoyar kifin, masu hali sukan sayi na'urar da ke auna zurfi da amsa-kuwwa ta nuna ƙasan ruwa a allo. Wanda ba shi da ita, dutse da igiya mai ƙulli a kowace mita sun ishe shi. Abin da ake nema shi ne tsohuwar hanyar kogin da tabki ya binne: in ana tafe ana aunawa, aka ga zurfi ya faɗa daga mita 3 zuwa 8 ko fiye a ɗan taƙi, to, an zo gaɓar tsohon kogi, nan ne kuma manyan ke kai da kawowa. Haka nan hancin dutse da ya shiga cikin ruwa, da itatuwan da suka mutu a tsaye, da bakin rafin da ke shigowa tabki. In aka ga ƙananan kifaye suna watsewa a saman ruwa kamar an watsa tsakuwa, akwai abin da ya koro su daga ƙasa.

Koton da ya fi shi ne ƙaramar karfasa mai rai, a soke ta a baya ta yadda za ta ci gaba da iyo. Akwai kuma kifin roba mai ƙugiyoyi da ake sayarwa, wanda akan jefa a jawo, ko a sake shi a bayan jirgi ana tafiya sannu-sannu. Zaren ya zama mai ƙwari, a kuma ƙara wani mai kauri a kusa da ƙugiya, domin marfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi da ƙaya, yana yanke zare, yana kuma yanka hannun wanda ya kama shi da garaje. In ya ji ƙugiya yakan nutsa ya nufi dutse, ko ya yi tsalle sama yana girgiza kai don ya tofar da ita. Kuskuren da ba a yi shi ne naɗe zare a hannu ko a ɗaura shi a ƙafa; kifi mai kilo 30 ya isa ya fizge babban mutum daga kan jirgi. Ko ranar da giwan bai samu ba, ba a rasa ragon ruwa ko tsage ko kurungu ko tarwaɗa da za a kai gida.

Abin Tsoro A Ruwa

Tabkin Dadin Kowa gidan dorina ne, kuma an sha ba da labarin ɓarnar da suke yi wa gonakin shinkafa da kuma farmakin da suka kai wa masunta har da asarar rai a garuruwan da ke bakinsa. Dorina ba ta cin nama, amma tana tsare wurinta, mai ɗa kuwa ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma kifar da kwale-kwale ba komai ba ne a wurinta. Lungunan nan masu kwanciyar ruwa da suka dace da jirgi mai dandamali, su ne kuma take so. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a shiga sai da ɗan gari. In an hango kunnuwa da hanci a saman ruwa, ko aka ji gurnaninta, sai a ba ta wuri tun daga nesa, kada kuma a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi.

Na biyu shi ne nutsewa. Ƙasar nan ta ga isassun darussa: a watan Mayu na 2021 jirgi ya kife a Warrah ta Jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske, a ƙarshen Nuwamba na wannan shekara kuma wani ya nutse a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya, sa'an nan a Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. Lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, su ne abubuwan da ake ta ambata. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta wajabta sa rigar ceto ta kuma hana tafiyar dare. Rigar da aka ajiye a ƙarƙashin kujera ba ta ceton kowa. A jiki ake sa ta tun daga gaɓa, ko mutum ya iya iyo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na uku ba ya da hayaniya, watau tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ake ɗauka ta fata in an shiga ruwan gefe mai ciyawa inda dodon-koɗi ke zaune. Takalmin roba dogo yana rage haɗarin, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan ya yi hulɗa da irin wannan ruwa, sai ya tafi asibiti, domin akwai maganinta.

Ko Zai Saura?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Giwan ruwa kifi ne mai yawan ƙwai, babbar mace guda tana zuba miliyoyi, amma sai an bar shi ya yi shekaru kafin ya kai haihuwa, kuma manyan nan da kowa ke buri akasarinsu mata ne. Taru mai ƙananan idanu da ake ja a gefen ruwa yana kwashe 'ya'yan tun suna kamar yatsa, a shanya su a sayar da mudu. Masu zuba guba irin su gamalin kuwa, ba kifi kaɗai suke kashewa ba, har da lafiyar mai ci da mai shan ruwan, ruwan da kuma shi ne ake tacewa a turo Gombe. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Doka dai tana nan a takarda, aiwatar da ita a ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 300 shi ne aikin.

Matsin kuwa ƙaruwa yake yi. Tabkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ya janye ƙwarai, rikicin Boko Haram kuma ya tarwatsa masunta da yawa daga Baga da kewayenta, suka bazu neman ruwa a wasu wurare. Gwamnatin Tarayya ta sha faɗin cewa ƙasar nan na bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce sulusin haka ba sosai. Mutumin da iyalinsa ke jiran abin da zai kawo yau, da wuya a ce masa ya saki ƙaramin kifi don gobe, sai fa in ya tabbata maƙwabcinsa ma zai saki. Wannan tabbaci kuwa ba mai iya ba da shi sai Sarakunan Ruwa da hukuma in sun haɗa kai, suka tsai da watannin hutun ruwa da wuraren da ba a taɓawa, kamar yadda Kabawa ke hana su a Matan Fada har ranar biki. Ilmin yin haka ma akwai shi a gida, domin cibiyar binciken kifi ta New Bussa ta samo asali ne tun 1968 lokacin da aka datse Kainji.

Akwai kuma gargaɗi ga masu ɗokin ɗaukar giwan ruwa su zuba a duk ruwan da suka ga dama. An yi haka a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka cikin shekarun 1950. Ya kawo kuɗi da masana'antu, amma ya taimaka wajen ɓatar da ɗaruruwan irin ƙananan kifayen da babu su a ko'ina a duniya sai can. A Gongola ɗan gida ne, sauran kifaye sun saba da shi. A ƙaramin dam ko tabkin kiwo kuwa, sai ya cinye kowa.

A nan ne mai fatsar nishaɗi yake da abin yi, tun da shi ba yunwa ce ta kai shi ruwa ba. Zai iya ɗaukar matsakaici ɗaya ko biyu don gida, ya mai da ƙanana, babbar uwa kuma ya ɗauki hotonta ya sake ta tun tana da ƙarfi, yana jiƙa hannunsa kafin ya taɓa ta. Zai iya komowa da ledojinsa da guntayen zarensa maimakon ya bar su a ruwa. Kuɗin da zai biya matuƙi da mai koto da mai abinci a bakin tabki kuwa, shi ne zai nuna wa mutanen wurin cewa giwan ruwa mai rai ma yana kawo riba, ba sai wanda ke kan wutar banda ba. In aka bi wannan hanya, yaron da yau ke buɗe famfo a Jekadafari zai iya girma ya bi hanyar Biu da asuba, ya gaida Sarkin Ruwa, ya sa rigarsa ta ceto, ya kuma tarar da kifin yana nan. Allah ya sa haka, ya kuma kiyaye masu shiga ruwa.